ACCA: ƘARAMIN HATSIN DUWATSU DA GONAR DA TA GAJI

Daga Malamin Gona

Ga bazara ta kankama, kowa ya shiga sharar gona da kai taki, ana ta duban gabas. A wannan mako ina so mu yi magana a kan wata gona wadda kusan kowane magidanci a ƙasar Batsari da Safana yana da irinta, amma ba ya so a tuna masa da ita. Watau gonar nan ta gindin dutse, mai tsakuwa da burji, wadda ta gaji har ya zama in an shuka mata gero sai a ga karan ya fito kamar tsinke, zangarniya kuwa ba ta fi yatsa ba.

A zamanin iyayenmu maganin irin wannan gona ba wuya. Sai a bar ta ta zama saura, mutum ya nausa gaba ya yi sabon sassabe. Yau kuwa ba hali. Jama'a sun yi yawa, gonaki sun rarrabu wurin gado. Ban da haka, kowa ya san abin da ya faru a ƙauyukan gefen dajin Rugu, musamman a 2019 da 2020, sa'ad da ɓarayin daji suka hana mutane zuwa gonakinsu na nesa, dole aka dawo ana ta nanata noma a ƴan gonakin bakin gari. Daga 2022 kuma kuɗin takin zamani ya yi tashin gwauron zabo, talaka ya koma sayen mudu maimakon buhu. To, gonar da ba hutu, ba taki, me za a shuka mata?

Akwai wani hatsi da mutanen duwatsu suka daɗe suna nomawa a irin wannan ƙasa. Sunansa acca.

MECE CE ACCA?

Da yawa cikinku kun ci tuwonta ko kununta, ko kuwa kun gan ta a ƙulle cikin leda a kantunan Katsina, amma ba ku taɓa ganinta a tsaye a gona ba. To, duk wanda ya san harƙiya, ciyawar nan da ake yanka wa dawaki, ya san kamannin acca, gama dangi ɗaya ne. Tsawonta daga ƙafa 1 zuwa ƙafa 2 da rabi ne. Kanta yakan rabu sili-sili kamar yatsu, ƙwayar tana jere a jikinsu. Ƙanƙantarta kuwa abin mamaki ce: giram ɗaya yakan ɗauki ƙwaya wajen 2,000, alhali na gero ɗari da ƴan kai ne. Amma Hausawa sun ce kowa ya raina gajere bai taka kunama ba.

Iri biyu ne manya. Akwai farar acca, wadda a wajen Sakkwato akan ce mata intaya, ita ce aka fi nomawa. Akwai kuma iburu, wanda ya fi ta tsawo, ɓawonsa kuma ya fi duhu. A 1915 wani masanin tsirrai a lambun Kew na Ingila, mai suna Otto Stapf, ya shigar da iburu cikin littattafan ilmi, ya kuwa ɗauki sunan nan namu na Hausa ya laƙaba masa, har yau masana na duniya suna kiransa Digitaria iburua.

Acca ba baƙuwa ba ce a ƙasashen baƙar fata. Tana cikin tsofaffin hatsin Afirka ta Yamma, ana nomanta tun daga Senegal har zuwa wajen tafkin Chadi. Ibn Battuta, matafiyin nan Bamagaribe da ya ziyarci daular Mali a 1352 zuwa 1353, ya ambace ta cikin labarin tafiyarsa da sunan funi, ya kwatanta ƙwayarta da ta mustad, ya kuma faɗi yadda ake tuwo da ita. Daga irin wannan suna ne Faransawa suka sami kalmar da suke kiranta da ita yau, watau foniyo. Turawan Ingila kuwa suka sa mata suna shinkafar mayunwata.

INDA AKE NOMANTA

A Nijeriya gidan acca shi ne tudun Jos, wanda tsayinsa ya kai ƙafa 4,000 daga bakin teku, duwatsun Shere ma sun kai ƙafa 6,000. Birom da Angas da maƙwabtansu ba su da abincin gado da ya fi ta. Sa'ad da nake makarantar aikin gona an kai mu yawon gani da ido wajen Riyom da Barikin Ladi, na ga acca a kan gangaren da in a wajenmu ne ko akuya ba za a ɗaure ba. Ƙasar ja ce, mai tsakuwa, ruwa ya wanke ta, amma ga acca ta rufe ta kore shar. Ana kuma nomanta a kudancin Kaduna, da kudancin Bauchi wajen Tafawa Ɓalewa da Bogoro, da Nasarawa, da Neja.

A duniya duka ƙasar Gini ce kan gaba, ita kaɗai tana noma fiye da rabin accar da ake samu, galibi a duwatsun Futa Jalo, ƙasar Fulani. Can a tsarin nomansu acca ce takan zo ƙarshe. In an yi sabon sassabe sai a fara da shinkafar tudu ko gyaɗa, in ƙasa ta fara sanyi sai a shuka acca shekara biyu ko uku, sannan a bar gona ta huta. Watau su da kansu sun san ita ce hatsin gajiyayyar gona.

To, wani zai ce, "Malam, ai Jos da Futa Jalo ƙasashen sanyi ne da ruwa mai yawa, ina ruwan Batsari da su?" Wannan tambaya tana kan hanya. Jos takan sami ruwa fiye da inci 50 a shekara, daga Afrilu har Oktoba. Mu kuwa namu inci 25 zuwa 30 ne, daga Yuni zuwa Satumba, tsayin ƙasarmu kuma bai wuce ƙafa 1,500 da wani abu ba. Amma fa ba a kan dutse kaɗai acca take yi ba. A Mali ana nomanta a ƙasar Tominiyan da kuma ƙasar Dogon, a Burkina Faso ana nomanta a lardin Kosi wajen Nuna, wuraren nan kuwa zafinsu da ruwansu kusan irin namu ne. Abin da ya bambanta su da mutanen Jos shi ne irin da suke shukawa. Wannan kuwa ita ce babbar magana, zan dawo kanta.

WATA ƳAR DUTSE DAGA NESA

Kafin nan bari in amsa wata tambaya da samari masu wayar hannu suka sha yi mini, game da wata ƙwaya da suke gani ana tallarta, wai ita kinuwa. Ita ma abincin mutanen duwatsu ce, amma na Amurka ta Kudu. Ana nomanta a duwatsun Andis, a ƙasashen Peru da Bolibiya, musamman kewayen tafkin Titikaka, wanda yake bisa tsayin ƙafa 12,500, watau Jos sau uku. Mutanen wurin sun yi dubban shekaru suna cinta, a daular Inka ma uwar hatsi ake ce mata.

Kinuwa ba ciyawa ba ce kamar gero ko acca. Ƴar'uwar alayyafo ce, ƙwayarta ake ci kamar hatsi. Tana da abin gina jiki wajen kashi 14 cikin 100, ya fi na yawancin hatsi. A jikin ƙwayar akwai wani abu mai ɗaci, mai kumfa kamar sabulu, sai an wanke shi sosai kafin a dafa.

Labarin kasuwarta akwai abin koyi a ciki. Da mutanen Turai da Amurka suka gano amfaninta, sai kuɗinta ya ninka uku tsakanin 2006 da 2013, har Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa wa 2013 suna shekarar kinuwa. Kowa ya ruga nomanta, har waɗanda ba su gada ba. Daga 2015 sai kasuwa ta cika, kuɗi ya faɗi warwas, ƙananan manoma da suka bar sauran amfanin gona dominta suka shiga uku.

Ko za ta yi a wajenmu? Kinuwa ba ta son zafi lokacin fure. In zafi ya haura digiri 35 sai furen ya lalace, a sami kai ba ƙwaya. An gwada ta a Burkina Faso, an ga ta fi yi in an shuka ta da sanyin hunturu ana yi mata ban ruwa, kamar alkama. Saboda haka shawarata ita ce, a bar wa masu bincike su ci gaba da gwajinsu tukuna. Kada manomi ya ɗauki kuɗin takinsa ya sayi irin da ba a san halinsa a ƙasarmu ba. Muna da tamu ƴar dutsen a gida, wadda ta saba da ranarmu.

AMFANIN ACCA GA JIKI

Abin gina jiki da ke cikin acca kashi 7 zuwa 9 ne cikin 100, bai fi na gero ba. Fifikonta a wani wuri yake. Ku ɗauka abin gina jiki kamar gini ne da ake yi da tubali iri-iri, in iri ɗaya ya yanke gini ya tsaya, ko da sauran sun yi tuli. Akwai wani tubali da masana ke kira metiyonin. Wake yana da ƙarancinsa, acca kuwa tana da shi fiye da yawancin hatsi. Akwai kuma wani da ake kira laisin, wanda ya yi ƙaranci a hatsi amma ya wadata a wake. Kun ga ke nan in an haɗa acca da wake a tukunya ɗaya, kowane ya rufa wa ɗan'uwansa asiri. Wannan abinci ne mai kyau ga yaran da aka yaye da mata masu goyo.

Tana da saurin dahuwa, ba ta cin itace, tana kuma da auki, ga sauƙin narkewa a ciki, shi ya sa ake dama wa marar lafiya da tsofaffi kununta. Ana tuwo da ita, ana fate da alayyafo da yakuwa da gauta, ana dambu, ana kuma turara ta kamar burabusko a ci da miya. Amma a lura, in an surfe ta har ta yi fari fat, an zubar da kaso mai yawa na amfaninta cikin dusa.

Mutane da yawa suna sayenta saboda ciwon sukari. A nan sai in ja kunne. Acca abinci ce, ba magani ba ce. Ita ma akwai sitaci a cikinta kamar sauran hatsi, wanda ya cika ciki da ita sukarinsa zai hau. Mai wannan ciwo ya bi abin da likita ya auna masa, kada ya bar shan maganinsa don ya koma cin acca.

MAGANAR IRI

Yanzu ga babbar maganar da na ce zan dawo kanta. Acca iri-iri ce wajen nuna. Akwai mai sauri, kwana 70 zuwa 90. Akwai matsakaiciya, kwana 90 zuwa 120. Akwai kuma mai nauyi wadda takan wuce kwana 130. Masu nauyin nan halinsu irin na maiwa ne, ba su fid da kai sai lokacinsu ya yi, ko da yaushe aka shuka su. A Jos wannan ba laifi, gama ruwa yana kaiwa Oktoba. A Safana kuwa asara ce.

Ni kaina na ɗanɗana. Shekarar da na fara gwaji, sai na ba wani direba saƙo ya sayo mini iri a wata kasuwa ta kudu, ban ce masa ya tambayi ko wace iri ce ba. Na shuka, ta tsiro gwanin kyau, masu wucewa suna tsayawa kallo, ni kuwa ina ta hura hanci. Satumba ta ƙare ba ta fid da kai ba. Ruwa ya ɗauke, ta bushe a tsaye, awakin maƙwabta suka ci ribar. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Da shekara ta kewayo na je da kaina, na zauna da manoma na tambaya, na samo mai sauri, na yanke ta kafin Satumba ta fita.

Saboda haka ga abu uku da za a kiyaye wajen neman iri. Na ɗaya, a tambayi mai iri kwana nawa take yi, kuma a wane wata yake yankanta. In ya ce Oktoba ko Nuwamba, a bar masa kayansa. Na biyu, accar da ake sayarwa don ci surfaffiya ce, ba a shuka ta. Iri sai mai ɓawo. Na uku, a gwada shi kafin ruwa ya sauka: a ƙirga ƙwaya 100, a shimfiɗa a jiƙaƙƙen tsumma, a ajiye a inuwa. Cikin kwana 4 ko 5 in 80 sun tsiro iri ya yi.

Cibiyar Binciken Hatsi ta Ƙasa da ke Badeggi, kusa da Bida, ita ce aka ɗora wa binciken acca a Nijeriya, tana kuma da reshe a Riyom saboda wannan aiki. Ƙungiyar manoma da ke son gwaji tana iya bi ta hannun malamin gona na yankinta ko ofishin hukumar KTARDA a nemi shawara a kan iri. Yanzu ne lokacin yin haka, don ba a fafe gora ranar tafiya.

YADDA AKE SHUKA

Kada kowa ya fara da babbar gona. Rubu'in eka ya isa, watau taki 35 a tsaye, 35 a kwance. A zaɓi wuri mai yashi ko tsakuwa inda ruwa ba ya kwanciya. Fadama da ƙasa mai laka ba nata ba ne. In wurin an yi gyaɗa ko wake bara, ya fi kyau.

A kafce wurin sama-sama, a farfasa hoge, a baje da manjagara har ya yi laushi kamar fangalin albasa. Ƙwayar ƙarama ce ƙwarai, in ta faɗa ƙarƙashin hoge ba za ta iya fitowa ba. A tsince ciyawa sarai tun kafin shuka.

Eka guda tana cin iri wajen kilo 10, watau tiya 4. Rubu'in eka ke nan tiya guda. A gauraya irin da busasshen yashi kashi uku, don hannu ya iya rarraba shi daidai. Mutanen Jos watsawa suke yi kamar yadda ake yafa riɗi. Amma ga wanda bai saba ba, na fi so ya ja layi da tsinke, tsakanin layi da layi kamar tsawon tafin hannu a buɗe, ya zuba a ciki. Dalili kuwa, acca da harƙiya suna ƙanana ko uwarsu ba ta rabe su, in a layi take kuwa duk abin da ya fito a waje ciyawa ce. Bayan shuka a ja reshen ƙaya a kai don ƙasa ta ɗan rufe ta, kada zurfin ya wuce rabin inci. In an bar ta a fili tururuwa da tsuntsaye za su kwashe.

A shuka da zarar ruwa ya zauna, bayan an gama shukar gero, kada a wuce makon farko na Yuli. Takan tsiro cikin kwana 3 ko 4. Cirar ciyawa da hannu ake yi, ta fari bayan mako 3 ko 4, ta biyu kafin ta fid da kai. Daga nan ita da kanta takan rufe ƙasa. In an ga ƙuduji a cire shi kafin ya yi fure, gama yana kama ta kamar yadda yake kama gero.

Wajen taki ba ta da haɗama. Ɗan takin gida da ya ruɓe da toka sun ishe ta. In aka ɗura mata yuriya sai ta yi ganye, ta kwanta, ƙwaya ta ruɓe a ƙasa. Amma kada a ce tunda tana haƙuri da gajiyayyar ƙasa ita ce mai gyara ta. Ba ta ƙara wa ƙasa ƙarfi. A riƙa juya ta da wake ko gyaɗa.

GIRBI

Nan ne ake cin riba ko a yi asara. Acca in ta nuna ba ta jira, kakkaɓewa take yi. Da an ga kan ya koma ruwan ƙasa-ƙasa, an murza ƙwaya an ji ta yi tauri, sai a sa lauje, kada a ce sai an gama wani aiki. A yi yanka da sassafe tun da sauran raɓa, lokacin ba ta cika zuba ba. A ɗaure ƙananan dammuna, a ɗauke su cikin buhu ko tabarma.

Da yake a Satumba ruwa bai gama ɗaukewa ba, kada a tara ta a ƙasa. A yi ɗan gado na itace a jera a kai inda iska ke ratsawa, a riƙa sa hannu a ciki, in an ji zafi a baje. Bayan kamar mako guda sai a sussuke da sanda ko a tattake da ƙafa, a kan tabarma ko tampol. Duk wanda ya sussuka acca a kan yashi ya haɗa wa matansa aikin da ba ya ƙarewa, gama ƙwayarta da ƙwayar yashi kusan girmansu ɗaya. A shiƙe, a shanya kwana 3 ko 4, sannan a zuba a buhu ko rumbu da ɓawonta. A haka takan yi shekaru ba ta lalace ba, ƙwari ba su cika damunta ba. Karan kuma a adana, abincin dabbobi ne mai kyau da rani.

Me za a samu? A ƙasashen da ake nomanta eka takan ba da kilo 250 zuwa 350 da ɓawo. Rubu'in eka ke nan kilo 60 zuwa 90, in an surfe kuma kashi ɗaya cikin uku ya tafi. A shekarar fari, da hannu bai saba ba, mai yiwuwa a sami ƙasa da haka. Ba abin a buga tambari ba ne. Amma a tuna daga wace gona ya fito. In kuwa ruwa ya zauna da wuri aka shuka mai sauri a tsakiyar Yuni, sai ta shigo wajen ƙarshen Agusta, daidai lokacin da rumbu ya yi ƙasa, hatsi ya yi tsada a kasuwa.

WAHALAR SURFE

Ba zan ɓoye muku ba, abin da ya sa noman acca ya ja baya a wurare da yawa shi ne surfe. Sai an daka ta a turmi sau huɗu ko biyar, ana bakacewa, mace mai ƙarfi ba ta wuce kilo 1 zuwa 3 a sa'a guda. Bayan haka ga wanki da regewa a ƙwarya har yashi ya fita, wannan kuma yana cin ruwa. Saboda haka, maigida, kafin ka shuka ka yi shawara da uwargida, gama rabin aikin a hannunta zai ƙare. In ba ta yarda ba accarka za ta shekara a buhu.

An sami sauƙi a wasu wurare. Wani malamin makarantar sana'a a Senegal, Sanoussi Diakité, ya ƙera injin surfen acca wanda ke gama kilo 5 cikin minti 8, har aka ba shi lambar yabo ta Rolex a 1996. Bayansa masu bincike na Gini da Mali da Burkina Faso da Faransa suka haɗu suka fito da wani wanda ya fi shi girma. In gwaji ya yi kyau a ƙauyuka kamar Ruma, Wagini, Runka da Zakka, har masu nomanta suka yi yawa, ƙungiya tana iya haɗa kuɗi ta nemi inji. Amma tukuna, sai an ga amfanin gona a ƙasa.

GA ƳAN KASUWA DA MA'AIKATA

Ku fatake kun fi ni sanin cewa mudun surfaffiyar acca ya fi na gero kuɗi nesa ba kusa ba, kuma wadda ake sayarwa a Katsina daga kudu ake kawo ta, da kuɗin mota a kanta. A waje ma ana nemanta. A Disamba 2018 Tarayyar Turai ta yarda a riƙa sayar da ita a ƙasashenta, a 2023 kuma, shekarar da Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe don gero da danginsa, an sa acca cikin jerin. Amma mai saye abu ɗaya yake dubawa: yashi. Wanda ya tauna tsakuwa sau ɗaya ba ya komowa. Wanda ya iya fid da tsabtatacciyar acca shi ke da kasuwa.

Ku kuma malaman ofis da na makaranta masu ɗan fili a bayan gari, ku ne ya kamata ku fara, don in gwaji bai yi ba albashi zai rufa muku asiri. Ku rubuta ranar shuka, da ranar fid da kai, da ranar yanka, da abin da aka auna. Wannan rubutu zai amfani ƙauye duka.

Sai dai kada a manta da abin da ya sami manoman kinuwa. Gero shi ne uban gida a ƙasarmu, ba abin da zai ture shi. Kada wani ya ji labarin kuɗi ya ba acca gonarsa mai kyau. A ba gero da dawa wurinsu, a ba acca wurin da suka ƙi. A fara cika tukunya, in ya yi saura a kai kasuwa.

To jama'a, gani ya kori ji. Tiya guda ta iri da rubu'in eka na gonar da dama ba ta ba ka komai, ba su isa su karya kowa ba. Wanda ya gwada ya aiko mana da labarin abin da ya gani, ko daɗi ko ba daɗi, mu buga a wannan fili don wasu su ƙaru. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya zaunar da ƙasarmu lafiya, amin. Sai mako mai zuwa.